Tsutsar da Na Kai Ofis Cikin Azumi

Yau kwana huɗu ke nan rana ba ta leƙo Tungan Maje ba. Marka ce irin ta Agusta, ruwan ba ya zuba da ƙarfi kuma ba ya ɗaukewa, kayan shanya sai su kwana uku a igiya suna warin danshi. Da hantsi maƙwabciyata ta hura wuta da jiƙaƙƙen itace, hayaƙin ya tsallako katanga ya same ni a falo. Ina shaƙarsa sai na ji yunwa, alhali ban daɗe da karyawa ba. Na zauna ina mamaki, can na gane daga ina ta fito. Yunwar wani azumi ce da ya faɗo cikin irin wannan marka, shekara goma sha wani abu da suka wuce, shekarar da na koma aji ina da arba'in da takwas a duniya.

A lokacin ni mai buga takardu ce a wata hukuma ta gwamnatin tarayya. Na fara da tafireta, na daɗe a kanta, da aka kawo kwamfuta kuma muka ci gaba da yi mata aikin tafireta: a buga, a fitar, a kai wa oga ya sa hannu. Abuja a shekarun nan tana tashe, duk inda ka waiga gini ne ke hawa sama, motoci sababbi fil sun cika titi. Mu kuwa sai ga sakula, takardar umarni daga sama, ta sauko cewa an soke ɗakin masu buga takardu, kowane jami'i zai riƙa buga nasa da kansa. Wadda ta iya canza layi ta zauna, wadda ba ta iya ba a sallame ta.

Mu tara ne a ɗakin. Wasu suka nemi komawa sashen rajistar takardu, wasu suka karɓi sallamar suka koma gida. A ƙasan sakular aka ce an buɗe sabon sashe mai kula da tsaron kwamfutoci da bayanan hukuma, ana neman mutum biyu da za a koya wa aikin na sati takwas, a yi musu jarrabawa, wanda ya faɗi shi ma sallama ce. Ni da Rifkatu muka rubuta sunanmu. Rifkatu mutuniyar Filato ce, shekara ashirin teburinta na manne da nawa, kuma unguwarmu ɗaya, gidanta na bayan cocinsu ne ta can tsallaken titi. Hausarta irin ta garin nan ce, mace da namiji duk "ka" take ce musu, na daɗe da daina jin banbancin.

Ba jarumta ce ta sa na rubuta suna ba, son sani ne. A tafireta in na danna harafi ina ganin ƙarfen da ya tashi ya mari takarda. A kwamfuta kuwa kullum ina tambayar kaina, rubutun nan ina yake zuwa in an kashe ta? Na taɓa tambayar wani jami'i ya ce mini yana ciki. Ciki ina? Bai sani ba shi ma.

Da na gaya wa maigidana, Malam Garba, wanda ke koyarwa a wata sakandare, ya sauke tabarau ya dube ni.

"Tsaro kuma, Hajara? Bindiga za su ba ki?"

"Ni ma ban sani ba tukuna, Malam. In na gano zan faɗa maka."

"To Allah ya ba da sa'a. Amma in akwai kaki, ki ce su ɗinka mai faɗi."

Sati biyu da fara kos aka ga wata. Kananzir ya yi wuya a shekarar, sai ka wuni a layi ka dawo da galan babu komai, dole muka koma itace. Matan Gwari ke kawo shi a kafaɗa daga daji, kuma duk yadda ka jingine shi a ƙarƙashin rumfa ba ya bushewa. Kafin tukunyar sahur ta tafasa na zubar da hawayen hayaƙi ya fi a ƙirga. In an yi asuba ba komawa barci, sai in jiƙa gero da waken ƙosai, in bar wa 'yata Sadiya sallahun abin da za ta yi kafin in dawo, in ɗaura leda a kan takalmi in fita. Daga gida zuwa bakin titi jar laka ce mai kama ƙafa. Ƙarfe shida da kwata motar ma'aikata ke tsayawa, Rifkatu na riga ni zuwa kullum, tana ƙarƙashin wata baƙar lema da ƙarafanta biyu suka karye.

In mun kai Zuba sai in leƙa in ga ko Dutsen Zuma ya fito. Mafi yawan ranakun babu shi, gajimare ya haɗiye shi tun daga ƙugu. Ana faɗaɗa titin Kubwa a lokacin, katafila ta yi kaca-kaca da gefen hanya, motoci na tafiya kamar masu rakiyar gawa. Masu gasa masara sun riga sun hura garwashi tun da safen, ƙamshin ya biyo tagar mota ya shigo, ni kuwa ko awa biyu ban yi da ɗaukar azumi ba.

Ajinmu wani tsohon sito ne a ƙasan bene, jikin ɗakin saba, wato manyan injinan da ke riƙe da takardun hukumar gaba ɗaya. Saboda injinan ba sa son zafi, sanyin na'ura ba ya yankewa, yana ratso bango ya shige mu har ƙashi. Ban taɓa jin ƙishirwa ba a azumin nan, amma yunwar sanyi daban take. Kafin azahar cikina ya fara ƙugi, yatsuna su sandare a kan maɓallai.

Malaminmu shi ne shugaban sashen, Injiniya Sunusi, mutumin Kano, ba zai wuce talatin da biyar ba. Mama yake ce mini, Rifkatu kuma Madam. Ranar farko ya buɗe cikin wata kwamfuta ya zaro wani ƙarfe kamar ƙaramin littafi ya ɗora mini a tafin hannu.

"Mama, ga inda rubutunki yake kwana. Had dis sunansa. Akwai faifai a ciki yana juyawa."

Na juya shi, na kara a kunne. Tambayar da na yi shekaru ina ɗauke da ita, ashe amsarta ba ta kai nauyin mudun gero ba.

Daga nan kalmomi suka fara zubowa. Na ɗauko tsohon littafina na shothand, rubutun gaggawa na sakatarori, na raba kowane shafi uku: kalmar, abin da Injiniya ya ce, da yadda na fahimce ta da Hausa. Fayawol na rubuta mata katanga mai ƙofa da mai gadi. Bakof, ajiye kwafi a wani gida. Bairos yana manne wa wani fayil ne sai an buɗe ya tashi, shi kuwa wom, wato tsutsa, ba ta jiran kowa, da kanta take rarrafawa daga inji zuwa inji. Log shi ne littafin da kwamfuta ke rubuta duk abin da ya faru da ita, wa ya shiga, ƙarfe nawa, me ya taɓa. Wannan ta ba ni mamaki ƙwarai. Ashe duk shekarun nan da nake kallonta, ita ma tana lura da ni.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne yadda masu wannan ilimi suka cika son sunan abinci. Wata ranar Talata wajen ƙarfe biyu, ido ya fara raina fata, Injiniya ya rubuta kukis a allo, ya ce ƙananan bayanai ne da shafin intanet ke ajiyewa a injinka don ya gane ka in ka dawo, amma asalin kalmar biskit ce. Ya wuce zuwa fishin, kamun kifi, wasiƙar ƙarya da ake jefo maka kamar ƙugiya. Ya ce kalmar sirri ana barbaɗa mata gishiri kafin a adana ta. Sannan akwai tukunyar zuma, injin bogi da ake ajiyewa don ɓarawo ya ruɗu ya faɗa.

Na ajiye biro. "Injiniya, don Allah waɗanda suka ƙirƙiro abin nan ba sa azumi ne?"

Ya yi dariya har ya dafa allo. "Mama, ni ma fa tun da na ce zuma yawuna ya tsinke."

Rifkatu ta ce, "Oga, ka bari sai bayan sallah ka koya mana wannan shafi, kar Hajara ya cinye littafi."

Ita Rifkatu ba ta taɓa cin komai a gabanmu ba duk tsawon watan. Ƙarfe ɗaya na yi za ta ɗauki kular gwatenta ta sulale zuwa bayan ɗakin janareta, ta ci a tsaye a ƙarƙashin kwano, ta kuskure baki ta dawo. Na sha ce mata ta zauna ta ci abinta, ta ƙi.

Doka ɗaya Injiniya ya fi nanatawa: kada a kuskura a soka filashin da ya shiga injin waje a cikin injin hukuma, sai an kawo masa ya duba. Ya ba kowaccenmu filashi guda, ɗan abin nan kamar yatsa da ake ajiye fayil a ciki, mai ɗauke da darussa. Ni idona ba ya jure karatu a gilashin kwamfuta, a gida kuma ba mu da ita, ga firintar ofis tawada ta ƙare an ce sai wata mai zuwa. Ranar Asabar na je Zuba cefane, na biya wani shagon buga takardu kusa da tasha na ba su filashin suka fitar mini da darussan. Na jefa shi a jaka ban sake tunani ba.

Ranar Litinin ruwa ya kwana yana zuba, rufin siton ya yi yoyo daidai kan teburina, Injiniya ya sa aka kashe injina aka lulluɓe shi da leda. Ƙarfe ɗaya ya tafi taro, Rifkatu ta ɗauki kularta ta fita, ta bar injinta a buɗe da sunanta. Akwai wani zane a darasin da bai fito da kyau a takarda ba, yadda saƙo ke bi ta fayawol, kuma tun safe yake cina. Na tuna dokar sarai, ba mantuwa na yi ba. Na ce a raina minti biyu ne, kuma ai filashin Injiniya ne. Na soka, na kalli zanen, na gane shi, na zare. Babu abin da ya motsa, babu ƙara, babu gargaɗi. Har na ji daɗin na gane zanen.

Ranar Laraba da safe hukuma ta rikice. Duk wanda ya buɗe jakar takardun da sassa ke tarayya a kai sai ya tarar fayilolinsa babu, an bar wasu hotuna masu 'yar kibiya a gefe, in ka danna injin ya daskare. Rahoton da Darakta zai kai taro ranar Litinin ya ɓace. Jerin sunayen ma'aikata ya ɓace. Wata mata a hawa na uku ta zauna a kan matakala tana kuka. Daga baya muka ji cewa maganin bairos na hukumar ya kwana goma bai sabunta ba, don intanet ɗinmu ta faifan tauraron ɗan Adam ce, da hadari ya haɗu take ɗaukewa.

Injiniya ya sa aka cire wayar da ke haɗa kowane inji da saba daga bango, ya shige ɗakin saba. Bayan la'asar ya fito da takarda a hannu, fuskarsa ba walwala.

"Tsutsa ce. Log ya nuna ta fara ne daga injin Madam, da sunanta, ranar Litinin ƙarfe ɗaya da minti ashirin. An soka filashi."

Rifkatu ta miƙe tsaye. "Ni? Oga, filashina yana durowa, tun da ka ba ni ban fitar da shi ba. Ka duba."

"Madam, ni abin da injin ya rubuta nake karantawa. Darakta ya ce a ba da takardar tuhuma."

Ina zaune a wurin. Na ji lokacin, na san inda nake a wannan minti.  Na buɗe baki, sai na tuna sakula, na tuna Sadiya da ke jiran shiga jami'a, na tuna shekaruna. Na mayar da bakin na rufe.

Washegari aka miƙa wa Rifkatu takardar, aka ce ta ba da amsa kafin a tashi aiki ranar Juma'a. Duk wunin ba ta fita cin abinci ba. Ta riƙa tuhumar kanta, ko wasiƙar zumuntar matan cocinsu da ta buɗe a injin ce, ko wani ne ya shigo daga waje. Da yamma ruwa ya ɓarke, titin Kubwa ya tsaya cik, magariba ta riske mu a cikin mota ba mu ko kai Dei-Dei ba. Na manta ban sako dabino ba. Rifkatu ta zuge taga, ruwa na dukanta, ta ƙwala wa mai masara kira, ta sayi guda biyu da ledar ruwa ta ɗora mini a cinya.

"Sha ruwa, an kira salla. Tun ɗazu ina ganin ka kamar za ka faɗi."

Na yi bismilla na kurɓa. Masarar da na yi sati biyu ina mafarkinta na tauna, na tauna, ta ƙi wucewa.

Ta zaro takardar tuhumar daga jaka. "Hajara, kai ka fi ni iya turancin ofis. Gobe da safe ka taimake ni mu rubuta amsa. Ban san me zan ce ba, ban yi komai ba."

Na ce to. Wannan "to" ɗin har yau in na tuna ta sai na runtse ido.

Na isa gida Sadiya ta riga ta soya ƙosai, kunun tsamiya ya huce. Malam na shirin fita tarawihi ya ga na zauna ban taɓa kofi ba. Na ba shi labari tun daga Zuba. Ya saurara har na gama, carbi na hannunsa bai ja ba.

"Yanzu me kike so in ce miki?"

"In na faɗa za su iya sallamata, Malam."

"Za su iya. In ba ki faɗa ba kuma ita za su sallama, gobe ki hau motar nan ki zauna a kujerarta." Ya sa takalmi. "Albashina ba zai ishe mu ba, amma akwai masara a bayan gida. Sha kununki."

Da safe ban iya faɗa mata a mota ba, mutane sun yi yawa. Muna shiga aji, Injiniya na zaune, na ciro filashin na ajiye a gabansa. Na faɗi komai a tsaye kamar mai karanta wasiƙa: shagon Zuba, yoyon rufi, zanen, minti biyun. Ban kalli Rifkatu ba sai da na kai ƙarshe. Ba ta yi ihu ba. Ta dube ni kawai, ta ɗauki jakarta ta koma kujerar da ke can ƙarshen ɗaki.

Injiniya ya daɗe yana juya filashin a yatsunsa. Can ya ce mu matso duka biyun. Ya jawo wani tsohon inji da ba a haɗa shi da komai ba, ya soka, ya buɗe wani baƙin allo ya buga 'yan haruffa. Sai ga wasu fayiloli biyu sun bayyana waɗanda da ba a ganinsu.

"Ga ta nan. Wannan ƙaramin shi ke ce wa kwamfuta, da zarar an soka ni ki tashi wancan. Wancan kuma shi ne tsutsar."

Ina cikin kunya har wuya, amma wallahi sai da na sunkuya na leƙa. Abin da ya tsayar da hukuma mai hawa huɗu bai kai girman wasiƙa mai shafi ɗaya ba.

"To ina ta kai takardun mutane? Cinyewa ta yi?"

"Ba ta cinye ba, Mama. Ɓoye su ta yi, ta ajiye hotonsu na bogi a wurin. Suna nan." Ya sake buga wani layi, darussanmu suka dawo reras. Sai na ji Rifkatu ta ce "Yesu!" a hankali, ashe ta taso tana bayana.

Ganowar ba ta wanke ni ba. Injiniya ya rubuta rahoto yadda abin ya faru, aka janye takardar Rifkatu aka rubuto tawa. Na amsa da hannuna, layi shida, ban kare kaina ba. Aka sa mini takardar gargaɗi a fayil, ta farko a duk shekarun aikina. Ita ma Rifkatu aka ja mata kunne a kan barin inji a buɗe. Darakta ya so a cire ni daga kos ɗin, Injiniya ya ce masa yana da inji arba'in da wani abu da za a wanke ɗaya bayan ɗaya, kuma hannu shida kawai yake da su.

Haka muka shiga goman ƙarshe. Lif ya lalace, muna hawa bene da faifai da takardar jerin ofisoshi. Kowane inji sai an durƙusa ƙarƙashin tebur an tabbatar wayarsa a cire take, a tashe shi da faifai mai tsabta, a kashe tsutsar, a rufe ƙofar da ta bi, a fito da fayilolin da ta ɓoye, sannan a karɓi filashin mai ofis a wanke shi ma. Gwiwoyina suka yi baƙi da ƙurar kafet mai danshi. In na miƙe da sauri sai jiri ya ɗebe ni in dafa bango. A waje ruwa na ta zuba a kan gilashi, a ciki ni da Rifkatu muna aiki kafaɗa da kafaɗa, ba ta ce mini komai sai "miƙo faifai" da "saura nawa". A mota ta koma zama kusa da direba.

Amma a kwanakin nan ne kalmomin littafina suka tashi daga takarda. Na ga inda tsutsar ke maƙalewa don ta farka tare da inji. Na ga ofishin da ke da bakof, mai shi ko a jikinsa, da wanda ba shi da shi. Na iya buɗe log in karanta da kaina. Kuma na ga kalmar sirrin manyan mutane a rubuce a jikin kalanda, wani ma sunan matarsa ne da shekarar aurensu. Matar nan ta hawa na uku, da takardunta suka dawo, ta rungume ni tana sa mini albarka. Ban iya karɓa ba, na ce mata ni ce na jawo. Ta sake ni ta ja baya tana kallona.

Ana saura kwana uku salla muna ofishin ƙarshe a hawa na huɗu, mu biyu kaɗai, ina ƙarƙashin tebur. Rifkatu ta yi magana ba tare da ta juyo ba.

"Ba filashin ne ya dame ni ba, Hajara. Kowa zai iya yi. Ka zauna kusa da ni a mota, ka ci masarata, na ce ka taimake ni ka ce to."

Na fito daga ƙarƙashin teburin na zauna a ƙasa. "Haka ne. Tsoro ne ya kama ni. Ba ni da abin cewa, Rifka, sai dai ki yafe mini."

"Kwana biyu ban yi barci ba. Na gaya wa yarana su fara shirin komawa ƙauye."

 Ta gama abin da take bugawa, ta kashe injin.

"Zan yafe, amma ba yau ba. Tashi, ƙasan akwai sanyi."

Ranar salla ma da ruwa aka sauko daga idi. Na aika Sadiya da tuwon shinkafa da miyar taushe gidan Rifkatu kamar kowace shekara, ban san ko za a karɓa ba. Kwanon ya dawo da yamma a wanke, da ɗanyar gyaɗa cike a ciki. Da aka koma aiki na hau mota na tarar ta ajiye jakarta a kujerar kusa da ita. Ta ɗauke, na zauna.

Mun ci jarrabawar mu biyun, ta fi ni da maki mai yawa. Gurbi ɗaya ne a hedikwata, inda ake samun ƙarin girma da tafiye-tafiyen kos, ɗayan kuma a ƙaramin ofishin hukumar da ke Gwagwalada. Da takardar gargaɗi a fayil ɗina ba sai an yi dogon zama ba. Rifkatu ta zauna tare da Injiniya, kuma ta kai matakin da ni ban kai ba kafin mu yi ritaya. Ni aka tura Gwagwalada, inji goma sha biyu, ɗaki mai taga ɗaya. Na ji ciwon abin, ba zan ɓoye ba, ko da yake daga gida zuwa can tafiyar minti ashirin ce, na huta da titin Kubwa.

Ranar da na fara aiki a can na tara ma'aikata na ba su labarin filashin Zuba da bakina, da sunana a ciki. Wasu suka yi dariya, wasu suka ɗauka an turo musu wadda ta gaza ne. Wata biyu babu mai leƙo ɗakina sai in firinta ta cije takarda.

Wata safiya kuwa, damina ta ja baya an gama cire gyaɗa, shugabar ofishin da kanta, Hajiya Binta, ta shigo ta mayar da ƙofa ta rufe. Mace ce mai ji da kanta, ko gaisuwa da ƙyar take amsawa. Ta tsaya tana murza gefen mayafi.

"Malama Hajara, wata wasiƙa ce ta shigo kamar daga hedikwata, aka ce in sabunta kalmar sirrina. Na danna, na rubuta. Sai daga baya na ga adireshin bai yi kama da namu ba."

"Yaushe, Hajiya?"

"Yanzun nan. Ko minti biyar ba a yi ba. Kunya ce ma ta so hana ni zuwa."

Na miƙe na ɗauki makullin ɗakina.

"Kin zo a kan lokaci. Mu je mu canza ta tun kafin su yi amfani da ita, sannan ki nuna mini wasiƙar. Ina so in ga yadda suka tsara ta."